Jesin Kanu mai lamba 25 da ka tsinta a gwanjo: ta wace shekara ce, kuma orijina ce?

Ƙanena, ka ce ka sayi jesin Arsenal a wajen masu gwanjo a kasuwar Sabon Gari nan Zariya, ja mai farin hannu, Nike ce, an rubuta O2 a ƙirji, a baya kuma KANU 25, mai kayan ya rantse maka irinta Kanu ya saka ranar da ya ɗura wa Chelsea uku a 1999, kana so ka san ko gaskiya ne kuma ko orijina ce, sannan ka ƙara da tambayar wai me ya sa ma hannun rigar Arsenal fari ne alhali su Man U da Liverpool nasu ja ne har hannu. Toh bismillah. Ni dai abincina kenan, jesi nake sayarwa ina kuma buga suna da lamba, tun zamanin da muke kallon firimiya a talabijin mai ƙeya a gidan kallo a Tudun Wada, janareta na tari muna tari.

Mai gwanjon bai faɗi daidai ba, amma kar ka je ka yi masa rashin kunya, don wataƙila kai ka ci ribar kuskuren nasa. Wasan da yake magana a kai ranar 23 ga Oktoba 1999 aka yi shi a Stamford Bridge, Chelsea na gaba da ci 2, Kanu ya farke ya ƙara a cikin minti goma sha biyar na ƙarshe, ta ukun ma daga kan layin kwana ya buga ta bayan ya yanke gola De Goey, aka tashi 3-2. A wannan kakar abin da ke ƙirjin rigar gida ta Arsenal Dreamcast ne, sunan wata na'urar gem ta kamfanin Sega, kuma bajin kulob ɗin tsohon ne. O2, wato kamfanin layin waya, bai hau rigar Arsenal ba sai 2002, ya sauka 2006. Kanu kuma ya zo daga Inter Milan a farkon 1999 ya bar kulob ɗin a 2004 ya koma West Brom. To ka haɗa lissafin da kanka, O2 da Kanu shekara biyu kacal suka zauna a riga ɗaya, 2002 zuwa 2004, kuma rigar gida ɗaya aka saka a kaka biyun nan. Wato dai in rigarka ta gaske ce, irin wadda aka ɗauki kofin 2003/04 da ita ce, kakar da aka buga wasa 38 aka ci 26 aka yi canjaras 12 ba wanda ya doke su. Masu tara tsofaffin jesi sun fi neman wannan nesa ba kusa ba. Abu na farko da za ka duba yanzu yanzu, ina baji yake? In yana gefen hagu wajen zuciya, alamar Nike na dama, to muna kan hanya. In kuwa a tsakiyar ƙirji yake kuma akwai siririn layi rawaya a jikin rigar, wannan ta 2004/05 ce, lokacin Kanu ya riga ya tafi, wani ne kawai ya buga sunan daga baya don soyayya.

Ka ga yadda na gano shekarar ban ma taɓa rigar ba ko? Haka sana'ar take. Kowace jesi tana ɗauke da takardar haihuwarta a ƙirji, abu uku ne, kamfanin da ya ɗinka, kamfanin da ya sa talla, da baji, kuma dole ukun su zama sun yi zamani ɗaya. Masu yin jabu sun iya kwaikwayon yadi da kala, amma tarihi yana yawan kayar da su. Na Arsenal ma da sauƙin haddacewa don ba su cika canje-canje ba. Ɗinki Umbro ke yi har 1986, sai Adidas daga 1986 zuwa 1994, sai Nike ta riƙe shekara ashirin cur har 2014, wasanta na ƙarshe shi ne fainal ɗin kofin FA da aka ci Hull 3-2 bayan shekara tara ana azumin kofi, sai Puma ta yi shekara biyar da rigunanta masu matse mutum kamar an naɗe shi da bandeji, sai Adidas ta dawo a 2019 har yau. Talla kuma huɗu ne kawai a ƙirji tunda aka fara, JVC daga 1981 zuwa 1999, eh JVC ɗin nan dai na rediyo da bidiyo mai kaset da iyayenmu ke rufewa da ƙyalle a falo, sai Sega 1999 zuwa 2002 inda rigar gida ke ɗauke da Dreamcast ta waje kuma SEGA, sai O2, sai Emirates daga 2006 da aka tare a sabon fili. Yarjejeniyar Emirates ɗin tun 2004 aka sa mata hannu, wajen fam miliyan 100, ta haɗa da sunan filin da ƙirjin riga. Visit Rwanda na hannu kuma 2018 ya fara. Saboda haka in ka ga Puma da O2, ko JVC da sabon baji, ko Nike da Visit Rwanda, ba sai ka shinshina ba, ajiye musu kayansu.

Wani abu da na lura da shi a shago, ban san ko kai ma ka lura ba, ƙirjin Arsenal bai taɓa ɗaukar tallan giya ko caca ba. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da Liverpool ke da Carlsberg, daga 1992 har 2010, na sha ganin yaro ya saya uban ya tasa ƙeyarsa ya dawo da ita, wasu kuma su ce in kankare musu rubutun, haka masu Man U wasu na cewa a rufe musu ɗan shaiɗanin nan mai mashi da ke cikin baji. Ta Arsenal kuwa uba zai juya ta gaba da baya, ya ga igwa ce da sunan jirgin da ke zuwa Dubai, ya ciro kuɗi.

Yanzu maganar ja da farin hannu. Kulob ɗin ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa shi a Woolwich da ke kudancin Landan a 1886, sunansa na farko Dial Square, daga nan igwar ta samo asali da laƙabin Gunners. Talakawa ne ba su da kuɗin riga, labarin da kulob ɗin ke bayarwa shi ne cikinsu akwai waɗanda suka taɓa buga wa Nottingham Forest, Fred Beardsley da Morris Bates, su suka nemi taimako daga tsohon kulob ɗinsu aka aiko musu da jajayen riguna da ƙwallo. Ka ga kenan jan ma kyauta aka ba su, ina faɗa wa 'yan Arsenal masu cika baki a shagona cewa ku ma da kwance kuka fara. Jan farkon nan mai duhu ne, kamar zoɓon da ya ji haɗi, kuma har hannu ja ne. Haka suka tafi da shi har suka ƙaura filin Highbury a 1913. Wanda ya canza shi ne koci Herbert Chapman, mutumin da ya zo daga Huddersfield a 1925, shi ba ya ganin abu ya ƙyale, har tashar jirgin ƙasan da ke kusa da filin sai da ya sa aka canza mata suna ta koma Arsenal a 1932. A watan Maris 1933 ya fito da riga mai ja mai haske da fararen hannaye, aka fara saka ta a wasa da Liverpool. Labari biyu ake bayarwa kan inda ya samo dabarar, wasu sun ce wani ya hango a fili sanye da jar suwaita marar hannu a kan farar shat, wasu sun ce daga wani mai zanen barkwanci a jarida Tom Webster abin ya fito, ko ma dai wanne ne hujjarsa ɗaya ce, yana so ɗan wasa ya ɗaga kai ya gane ɗan uwansa nan take. Kar ka manta lokacin fili caɓi ne, ga hazon Landan. Chapman bai daɗe ba ya rasu a Janairun 1934, amma hannun ya zauna. An taɓa gwada cire shi a tsakiyar shekarun 1960, kaka biyu aka yi da riga ja zalla, magoya baya ba su so ba, 1967 aka dawo da farin hannu. Har wasu suka kwaikwaya, Braga ta Fotugal ja da farin hannu take sakawa saboda Arsenal, Hibernian ta Sikotland kuma ta yi nata da kore.

Lambar da ke bayanka ma akwai hannun Chapman a ciki. A watan Agusta 1928 Arsenal ta fita wasa da Sheffield Wednesday da lambobi a baya, ita da Chelsea a rana ɗaya suka gwada, hukuma ta hana, sai daga baya aka yarda. Amma lambar lokacin ta gurbi ce, 1 zuwa 11, duk wanda ya buga gaba yau shi ne mai 9. Suna a baya da lambar da mutum zai riƙe tasa ta kansa sai 1993, an fara gani a fainal ɗin League Cup, kuma abin mamaki Arsenal da Sheffield Wednesday ɗin dai ne suka sake haɗuwa, sannan firimiya ta ɗauka daga kakar 1993/94. Ba don wannan canjin ba da babu wani KANU 25, ni ma da injin buga sunana bai samu aiki ba.

Ta waje kuma, rawaya da shuɗi, ita nasara ce ta mayar da ita gado. 1971 da ita aka ci Liverpool 2-1 a fainal ɗin FA, Charlie George ya ci ya kwanta rigingine a fili, aka haɗa lig da kofi. 1979 da ita aka ci Man U 3-2. Sai babbar, 26 ga Mayu 1989 a Anfield, wasan ƙarshe na kaka, dole Arsenal ta ci da tazarar ƙwallo biyu ko kofi ya zauna a Liverpool, Alan Smith ya ci ta farko, Michael Thomas ya ci ta biyu ana dab da busa tashi, rigar Adidas ce rawaya mai hannu shuɗi mai duhu da JVC. Tun daga nan in kamfani ya kawo wata kala ta waje sai an yi ta gunaguni, an yi kore da shuɗi a 1982 ba ta yi farin jini ba, ita kuwa mai shuɗi biyu ta 2011 ba laifin tela ba ne, da ita aka je Old Trafford aka kwaso 8-2, na yi wata uku ina da dozin ɗinta a rataye ko tayi babu, ƙarshe masu aikin gini suka saye a farashin singileti. Amma wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta 1991 zuwa 1993, rawaya da aka watsa mata zane baƙi-baƙi mai kamar haƙoran zarto, Turawa suka sa mata suna ayabar da ta bugu ta yi tabo, lokacin ana lissafa ta cikin mafi munin riguna da aka taɓa yi. Yau ita ce ake rububi, Adidas da ta dawo 2019 sai da ta yi ta waje mai kama da ita, ta kuma sake fito da tsohuwar. Mu kuma nan wadda ta fi zama mana a rai ita ce mai ruwan gwal da SEGA ta 2001/02, da ita aka je har gidan Man U aka ɗauki kofi a watan Mayu 2002, Wiltord ya ci, Kanu ya zo da gudu ya tsallake shi ta saman kai da dogayen ƙafafun nan nasa. Ranar har Kwangila ana jin ihun 'yan acaɓa.

Baji shi ne inda labarin ya taɓa irinmu 'yan tebur. A da rigar ba ta ma da baji sai ranar fainal. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara saka igwa ita kaɗai a ƙirji, sai 1990 aka ɗora cikakken bajin nan na 1949 mai rubutun Arsenal da tsohon salon haruffa da taken Latin a ƙasa, Victoria Concordia Crescit, ma'ana nasara daga haɗin kai take tsirowa, bakin igwar na kallon hagu. Matsalar ita ce bajin ya daɗe an yi ta yi masa ƙari da ragi har kulob ɗin ya kasa mallake shi a doka yadda yake so, ga kuma wani mai tebur a bakin Highbury da ya shekara da shekaru yana sayar da gyale da hula masu tambarin kulob, har da allo ya kafa cewa kayansa ba na kulob ba ne. Arsenal ta kai shi kotu, a zagayen farko ba ta samu yadda take so ba, magana ta je har kotun Turai a 2002, sai 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ba kulob gaskiya. Ana cikin wannan ne a 2002 suka zana sabon baji fes wanda ba mai ja da su a kansa, igwa ta juya tana kallon dama, aka cire taken. Magoya baya sun yi fushi sosai don ba a shawarce su ba. To rigarka in ta 2002 zuwa 2004 ce, ita ce rigar gida ta farko da ta fara ɗaukar wannan sabon bajin, ka duba bakin igwa, dama zai kalla. A 2024/25 kuma Adidas ta koma igwa zalla a duka riguna ukun, har da baƙar nan ta waje mai ja da kore da suka yi tare da kamfanin ɗinki Labrum London na Foday Dumbuya ɗan asalin Saliyo don girmama magoya bayan Afirka, wannan kam na sayar da ita kamar ƙosai da safe.

Ita kanta sana'ar sayar wa ɗan kallo rigar kulob ba tsohuwa ba ce can can. Ka nemi hoton 'yan kallo na shekarun 1960 a Ingila, kwat ne da hula da gyale, ba mai jesi. Rigar lokacin auduga ce ba wani zane, kowane shago zai iya ɗinka ja mai farin hannu ya sayar ba wanda zai ce masa don me. Kamfanin Admiral ne ya buɗe ido a 1973, ya je wajen Leeds United lokacin koci Don Revie ya ce mu za mu biya ku ku saka rigarmu, mu yi mata zanen da doka za ta kare mana, mu sayar wa yara. Shekara ta zagayo suka kama tawagar Ingila. Da farko kasuwar ta yara ce zalla, babba ya saka jesi ya fita titi abin dariya ne, sai ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 manya suka shigo, lokacin an koma yadin roba wanda ake iya buga masa kowane irin zane, shi ya sa rigunan zamanin suka haukace da kwalliya irin ta ayabar nan. A da rigar gida shekara biyu take yi, shi ya sa taka ta ci kaka biyu. Ta ƙarshe da ta yi haka a Arsenal ita ce ta 2012 zuwa 2014, daga zuwan Puma kowace shekara sabbi uku. Dalili kuɗi ne ba wani abu ba, Puma wajen fam miliyan 30 take biya a shekara, Adidas ta zo ta ninka zuwa wajen 60, wanda ya zuba wannan kuɗin kuwa ba zai bari ka shekara biyu da riga ɗaya ba. Kuma masu cewa wai cinikin jesi kaɗai ya biya kuɗin sayen ɗan wasa, zance ne na gidan kallo, kaso mafi tsoka na kamfanin ɗinki ne da 'yan kasuwa, kulob ɗan kamasho yake samu a kan kuɗin yarjejeniya.

Sai kalmar orijina, wadda ta fi kowace kalma shan wahala a kasuwar nan. Riga iri uku ce. Akwai ta 'yan wasa, irin wadda ake shiga fili da ita, ba ta da nauyi, tana kama jiki, bajinta manna shi ake da zafi don kar zare ya goge wa ɗan wasa ƙirji, a kakar 2024/25 HEAT.RDY Adidas ta rubuta mata. Akwai ta magoya baya, ita ma kamfanin ne ya yi ta da izinin kulob, ta fi yalwa, yadin ya fi kauri, bajinta ɗinki ne, ita ce aka rubuta wa AEROREADY a wannan kakar, kuma ita ake nufi da replika. Mutane na jin replika sai su ɗauka jabu ake nufi, a'a, halastacciya ce, a kakar 2024/25 a Landan wajen fam 80 aka sayar da ita, ta 'yan wasan kuma ta haura fam 100, ka buga da canjin yau ka gani. Sai ta uku, wadda muke kira 'yar Tailan ko da a Chana aka yi ta, ita ce ta cika kasuwa daga Sabon Gari har Samaru, ita ma aji-aji ce, akwai wadda in ba ka juya cikinta ba ba za ka gane ba, akwai kuma wadda wanki ɗaya Emirates zai koma Emirat. Ni ina sayar da ita kuma ba na ɓoyewa, ɗalibin ABU da ke lissafin kuɗin hando da na garin kwaki ba zai sayi rigar fam 80 ba, abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar da ita da sunan ta kamfani. Duk wanda ya ce maka sabuwa ce dal a leda orijina kuma kuɗinta bai kai na buhun masara ba, ka yi dariya ka wuce. Orijinar gaske a garin nan a dilar gwanjo ta fi fitowa, wani Bature ya gaji da ita ya bayar sadaka ta biyo jirgin ruwa, shi ya sa ban yi saurin cewa taka jabu ba ce.

Amma fa yanzu masu jabun sun gano ana son tsofaffi, suna buga ta 2003/04 sabuwa fil, wasu har cusa ta suke cikin gwanjo ta ɗauki warin. To ga yadda za ka yi. Juya ta ciki waje ka kalli bayan baji. Kai ɗan Zariya ne, ka san aikin allura, ka ga yadda masu ɗinkin babbar riga a cikin birni ke cika aska takwas zare na bin zare ba rata, haka na kamfani yake, tsaf, haruffan Arsenal kowanne a tsaye da kansa. Na jabu za ka ga zare ya tsallaka daga harafi zuwa harafi, ga farar takarda a liƙe a baya ba a gama cire ta ba, ƙafar igwar kuma ta zama kamar ƙuli-ƙuli. Sannan shafa lambar. Lambobin firimiya na 1997 zuwa 2007 suna da laushi kamar karan-miski, da ɗan tambarin zaki a gindin kowace lamba, in ka ji taka santsi kamar leda tana ƙyalli to bugun baya ne, irin wanda nake yi a shago. Wannan bai kashe rigar ba, ana iya samun riga ta gaske da bugun suna na baya, daraja ce dai ta ragu. Duba lebul na wanki da ke ciki ta gefe, rigar da ta haura shekara ashirin dole rubutunsa ya koɗe ya yi laushi, in ka gan shi fari ƙal yana ƙara kamar sabuwar naira alhali wai rigar ta tsufa, akwai magana. In akwai bajin firimiya a hannu mai ruwan gwal, na zakarun 2001/02 ne, wato bugun kakar 2002/03 kenan. Sababbin Adidas kuma sun fi sauƙi, akwai ɗan ƙaramin lebul a ciki mai harafi biyu da lamba huɗu, ka rubuta shi a Google, in ya nuno maka rigar to madalla, in ya nuno takalmi ko wandon wani kulob ka san inda aka dosa.

Kar ka ga ina ta zuba kamar ban taɓa faɗawa ba. Kakar ƙarshe a Highbury, 2005/06, Nike ta yi riga mai kalar zoɓon nan har hannu da rubutun gwal, don tuna irin wadda aka saka a 1913, da ita Henry ya ci Wigan uku a wasan bankwana ya durƙusa ya sumbaci ciyawa. Ana ta nemanta, na shiga Kano wajen wani dila na kwaso dozin biyu ina murna na samu da araha, na rataye. Wani ɗalibi daga Kongo, reshen ABU da ke nan Zariya, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce Oga wannan rigar ai ba a taɓa yin ta a duniya ba. Na duba, Fly Emirates ne a ƙirji. Rigar Highbury da tallan filin da ba a ma tare ba! O2 ya kamata. Dila ya ce shi ba ya karɓar kaya in sun fita, haka na karya su na sayar wa masu tamaula a unguwa, wata ƙungiya a Gyallesu ta shekara tana buga gasa da su. Irin wannan akwai wata, farar nan sol da suka saka da Nottingham Forest a kofin FA a Janairun 2022 don yaƙi da kashe-kashen wuƙa tsakanin matasan Landan, kulob bai taɓa sayar da ita ba, kyauta ake ba masu aikin al'umma, amma na gan ta a rataye a PZ mai ita na cewa orijina. Su kansu kamfanin ma suna tafka tasu, ta 'yan wasa ta 2023/24 an jera mata sakamakon kakar da ba a doke su ba a jikin wani siririn layi, aka zo aka ƙirga wasa 32 ne maimakon 38, sai da Adidas ta dakatar da sayarwa ta gyara.

In ka duba duk ta tsallake, don Allah kar ka shiga fili da ita, kar kuma ka ba mai wanki da guga. Dutsen guga na gawayi sau ɗaya zai hau kan O2 ɗin nan ya tashi da shi. Juya ta ciki waje, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ban da bilic ban da burushi, kar a murɗe wajen matsewa, a shanya a inuwa don ranar Zariya ta watan Maris tana mayar da ja ya koma ruwan hoda. In kuma har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗauko min hoton bayan bajin da lebul ɗin ciki da gindin lamba 5 ɗin, ko ka biyo da ita shago ranar Asabar bayan la'asar kafin a fara wasa. In ka zo kar ka ce min nawa zan saya, don zan taya.